Labarin Hunainu Ɗan Ishaƙa, Likitan Halifa, Shugaban Masu Fassara

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya rarrabe harsunan bayinsa, ya kuma sanya a cikinsu masu iya ɗauko magana daga wani harshe su kai ta wani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labarin Hunainu ɗan Ishaƙa ne, wanda ake yi wa alkunya da Abu Zaidu, likita kuma shugaban masu fassara a zamanin halifofin Banu Abbas. Banasare ne, a kan Nasaranci ya rayu, a kansa kuma ya mutu. Duk da haka malaman tarihi na Musulmi, irin su Ibnu Nadim mai Fihirisa, da Ibnu Hallikan, da Ibnu Abi Usaibi'a mai littafin ɗabaƙoƙin likitoci, sun ba shi wuri mai faɗi a cikin littattafansu. Abin da ya sa kuwa, sun shaide shi da riƙon amana iri biyu: amanar kalma a kan takarda, da amanar rai a hannun mai magani.

Fasali a kan asalinsa

An haife shi a Hira a shekara ta 194 ta Hijira, daidai da 809 ta Miladiyya. Hira tsohon birni ne a ƙasar Iraƙi, kusa da Kufa. Nan ne gidan sarautar Banu Lahami, su Nu'umanu ɗan Munziru, kafin zuwan Musulunci, har Halidu ɗan Walidu ya karɓe ta da sulhu a shekara ta 12. Mai karatu ya lura, Nasaran da ake faɗi a nan ba Turawa ba ne. Larabawa ne da suka shiga addinin Almasihu tun kafin Hijira, ana ce da su Ibadu, watau bayi masu bauta. Da Larabci suke ciniki da zance a gida, da Suryananci kuwa suke karatun addininsu a majami'a. Suryananci ɗan'uwan Larabci ne, reshe ne na harshen da Annabi Isa, alaihissalamu, ya yi magana da shi. Saboda haka yaron ya tashi da harshe biyu a bakinsa. Ubansa Ishaƙa mai haɗa magunguna ne yana sayarwa, a cikin ƙanshin saiwoyi da ƙullin magani ɗan ya girma.

Da ya tasa sai ya nufi Bagadaza neman ilmin ɗibbu. A zamanin nan likitanci a fadar halifa yana hannun waɗansu gidaje ne na Nasara da suka fito daga Jundisabur ta ƙasar Farisa, babbansu gidan Buhtishu'u, waɗanda suke yi wa halifofi magani tun zamanin Mansur. Mutanen nan sun ɗauki sana'ar gado ce, ba su son 'ya'yan 'yan kasuwa su shigo cikinta. Hunainu ya zauna a majalisin Yuhanna ɗan Masawaihi, yana ɗaukar wani littafi na Jalinusa a kan ƙungiyoyin likitoci da saɓaninsu. Ga shi yaro mai yawan tambaya, ba ya barin kalma ta wuce sai ya san asalinta. Ran nan ya yi wata tambaya, malamin ya harzuƙa, ya gaya masa mutanen Hira ba su da rabo a ɗibbu, sana'arsu canji ce. Ya je wurin wani danginsa ya karɓo dirhami hamsin, ya sayi ƙananan kuɗi, ya zauna bakin hanya yana canji, ya fi masa. Sa'an nan ya sa aka fitar da shi. Hunainu ya fita yana kuka.

Aka shekara biyu ba a ji ɗuriyarsa ba a Bagadaza. Sai wata rana Yusufu ɗan Ibrahimu, wanda daga bakinsa aka karɓo labarin nan, ya ga wani mutum a gidan abokinsa, gashi ya rufe masa fuska, yana rera waƙar Umirusa, babban mawaƙin Yunanawa, da harshen Yunananci. Da murya ya gane shi. Ashe tun ran da aka kore shi ya yi alkawari ba zai koma ga ɗibbu ba sai ya mallaki harshen da aka rubuta ɗibbun da shi tun farko. Ba a daɗe ba Jibrilu ɗan Buhtishu'u, babban likitan fada, dattijo mai shekaru, ya ga fassararsa, ya shiga girmama shi yana kiransa Rabban, watau malam da Suryananci. Da aikin ya isa hannun Yuhanna ɗan Masawaihi sai ya yi mamaki, ya nemi a shirya su. Ɗan hakin da ya raina shi ya tsone masa ido. Hunainu kuwa bai riƙe shi a zuci ba, ya komo ya fassara masa littattafai da yawa.

Waɗansu masu tarihi sun ce ya ɗauki Larabci a Basra wurin Halilu ɗan Ahmadu mai ilmin Aruli. Wannan bai inganta ba, don Halilu ya rasu tun ba a haifi Hunainu ba.

Fasali a kan yadda yake fassara

Jalinusa babban likita ne na Yunanawa, an haife shi a shekara ta 129 ta Miladiyya a wani birni da ke cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya bar littattafai masu ɗimbin yawa. Likitocin Bagadaza Nasara suna son su da Suryananci, manyan Musulmi kuwa suna son su da Larabci, ga dukiya a hannunsu. Ibnu Nadim ya kawo cewa 'ya'yan Musa ɗan Shakiru, su uku, suna kashe wajen dinari 500 kowane wata a kan ƙungiyar masu fassara da Hunainu ke cikinta. Ibnu Abi Usaibi'a kuma ya kawo cewa Halifa Ma'amun yakan auna littafin da ya fassara ya ba shi nauyinsa na zinariya. Ya ce shi da kansa ya ga waɗansu daga littattafan nan da hannun Azraƙu, magatakardan Hunainu, da manyan baƙaƙe a kan takarda mai kauri ƙwarai. 'Yan kasuwa sun gane dalilin kaurin. Amma kaurin nan ne ya sa takardun suka kai shekara ɗari huɗu ba su lalace ba.

Hanyar aikinsa ba a bakin wani aka ji ta ba, shi ya rubuta ta a cikin wata wasiƙa zuwa ga Aliyu ɗan Yahaya na gidan Munajjim. A ciki ya jera littattafan Jalinusa 129, kowane da abin da ya ƙunsa, da wanda ya fassara shi, da wanda aka fassara dominsa, da ko fassarar ta yi kyau ko ba ta yi ba. Kusan ɗari daga cikinsu shi ya fassara su da hannunsa. An samu wasiƙar nan a taskar littattafan Aya Sofiya a Istanbul, wani Bajamushe ya buga ta a shekarar 1925.

Abin da zai fi ba malamai sha'awa a cikinta shi ne, bai rangwanta wa kansa ba. Ya faɗi cewa littafin ƙungiyoyin likitoci, wanda a kansa aka kore shi daga majalisi, ya fassara shi yana da shekara wajen ashirin, daga wani juyi na Yunananci mai cike da kurakurai. Da ya kai wajen arba'in, ya tara juyi da yawa na littafin, sai ya jera su ya gwada wannan da wancan har ya fitar da guda ingantacce, sa'an nan ya koma ya gyara tsohuwar fassararsa a kansa. Ya ce haka al'adarsa take a kowane littafi. Wanda ya taɓa ganin yadda ɓataccen ɗigo guda yake bin littafi daga mai juyi zuwa mai juyi, har almajirai su haddace kuskure suna tsammani karatu ne, ya san amfanin wannan wahala.

Ga kuma neman littafi. Akwai wani na Jalinusa a kan hujja da yadda ake kafa ta, wanda ya ɓace a Iraƙi. Hunainu ya bi shi ƙasar Jazira, ya bi Sham, ya bi Falasɗinu, ya shiga Masar har Iskandariyya. Bai samu ba sai wajen rabinsa a Dimashƙa, shi ma babi-babi a warwatse. Ya fassara abin da ya samu, ya bayyana cewa rabi ne.

Wani lokaci kuma yana Raƙƙa, zamanin yaƙe-yaƙen Ma'amun, likita Salmawaihi ya roƙe shi su gyara tsohuwar fassarar Sarjisu na Ra'asul Aini ta littafin dabarun warkarwa. Suka zauna fuska da fuska, Salmawaihi riƙe da Suryananci yana karantawa, Hunainu riƙe da Yunananci yana tsayar da shi duk inda suka saɓa. Gyara ya yi yawa har suka ga gara a sake fassarar daga tushe. Ya sake. Aka ɗora littafin a jirgin ruwa za a kai Bagadaza a juya, wuta ta kama jirgin, littafin ya ƙone, babu wani juyi. Bayan shekaru ya zauna ya sake fassara shi.

Malam Safadi, wanda ya rasu a shekara ta 764, ya ce hanyar fassara biyu ce. Ta farko, mutum ya ɗauki kalma guda ta Yunananci ya ajiye kalma guda ta Larabci a gurbinta, ya wuce ta gaba, har jimla ta ƙare. Wannan ita ce hanyar Ibnu Biɗriƙu, ya kuma aibata ta, don ba kowace kalma ke da 'yar'uwa a wani harshe ba, ginin jimla kuma ya sha bamban. Ta biyu, mutum ya karanta jimla duka, ya riƙe ma'anarta a zuciya, sa'an nan ya faɗe ta da jimlar da mai harshen zai faɗa. Wannan ita ce hanyar Hunainu. Duk wanda ya zauna wurin tafsiri ya san bambancin mai fassarar da jama'a ke tashi sun gane, da wanda ya bi baƙi ɗaya ɗaya ya bar su a duhu.

Inda kuwa ya kasa, yakan faɗa. A wani littafi Jalinusa ya kawo maganar wani mawaƙin Yunanawa mai suna Aristufanisa. Hunainu ya tsaya ya gaya wa mai karatu cewa juyin da ke hannunsa ɓatacce ne, shi kuma bai saba da harshen mawaƙin nan ba kamar yadda ya saba da na Jalinusa, don haka ya tsallake wurin. Da ya ga dama ya cike gurbin da ƙirƙirarsa, da wuya a samu mai kama shi a Bagadaza duka. Akwai wurin da masu bincike na baya suka tarar yana sauya magana da gangan: inda Yunanawa suka ambaci allolinsu masu yawa, yakan mai da su Allah ɗaya, ko mala'iku, don shi da masu karatunsa, Musulmi da Nasara, ba masu karɓar wancan ba ne.

Bayan fassara ya wallafa nasa. Akwai maƙaloli goma a kan ido, da ya rubuta cikin shekara fiye da talatin, har da zanen sassan ido a ciki. An buga su a Alƙahira a 1928. Akwai kuma littafin tambayoyi a kan ɗibbu, tambaya da jawabi don almajirai, wanda aka juya zuwa Latinanci, makarantun Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna fara koyar da likitanci da shi. Wanda ya buɗe littafin ɗibbu na Larabci ya tarar da zancen ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, ya tarar da sunan Jalinusa da Abuƙaraɗa, to, ta irin wannan ƙofa suka shigo.

Fasali a kan jarrabawar dafi

Da sunansa ya kai kunnen halifa, wanda masu tarihi suka ce Mutawakkil ne, mai mulki daga 232 zuwa 247 a birnin Samarra, sai ya so ya jawo shi kusa. Amma yana tsoro kada ya zama Sarkin Rum ne ya turo shi da makirci, tun da mutumin Banasare ne, ya kuma san harshen Rumawa. Sai ya kira shi, ya yi masa tufafi, ya ba shi takardar kyauta ta dirhami dubu hamsin. Sa'an nan ya ce yana da wani maƙiyi da yake so a kashe a ɓoye, ya haɗa masa dafi. Hunainu ya amsa cewa shi magungunan amfani kaɗai ya koya, bai taɓa zaton za a nemi waninsu a wurinsa ba. Aka lallashe shi, aka tsorata shi, bai sauya ba. Aka kai shi kurkuku a wata ganuwa, aka sa mai kawo labarinsa. Shekara guda cur yana tsare, labarin da ake kawowa kullum guda ne: yana karatu, yana fassara, yana rubutu.

Da shekara ta cika aka fito da shi. Aka tara dukiya a gefe guda, aka ajiye takobi da fatar da hauni ke shimfiɗawa a ɗaya gefen, aka ce ya zaɓa. Ya ce ba shi da abin da zai ƙara a kan jawabinsa na farko, yana kuwa da Ubangiji da zai karɓar masa hakkinsa ranar tsayuwa. Nan halifa ya yi murmushi, ya gaya masa ya kwantar da hankalinsa, jarrabawa ce. Sa'an nan ya tambaye shi abin da ya hana shi, alhali ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri. Ya ce abu biyu ne, addini da sana'a. Addininsa ya umurce shi da kyautata wa maƙiyi, balle masoyi. Sana'arsa kuwa an kafa ta don amfanin 'yan Adam ne, likitoci kuma suna da alkawari mai nauyi a wuyansu cewa ba za su ba da maganin kisa ba. Halifa ya yaba dokokin nan biyu, ya ɗaukaka shi.

A dubi hikimar halifa a nan. Ya san wanda zai haɗa dafi dominsa yau, gobe zai haɗa domin wani a kansa. Ƙin da Hunainu ya yi masa shi ne ya sa ya amince ya sha abin da ya dama.

Fasali a kan makircin 'yan'uwansa

Masifar da ta fi wannan ba daga Musulmi ta zo masa ba, daga abokan sana'arsa Nasara ta zo. Akwai wani labari da aka jingina wa Hunainu kansa, Ibnu Abi Usaibi'a ya kawo shi da tsawonsa. Buhtishu'u ɗan Jibrilu, ɗan dattijon nan da ya fara girmama shi, ya kai wa halifa wata sura ta Maryamu riƙe da ɗanta, ya yi ta sumbatarta a gabansa, ya ce kowane Banasare na gaskiya haka yake yi, sai dai Hunainu, zindiƙi ne mai fakewa da addini. Daga nan ya zarce gidan Hunainu, ya gaya masa an kawo wa halifa wata sura yana gwada Nasara da ita, shi ya tofa mata yawu halifa ya ji daɗi, in an kira shi ya yi haka. Hunainu ya gaskata shi. Da aka kira shi ya tofa.

Halifa ya kira Tiyadusiyusa, shugaban Nasaran ƙasar, ya yanke hukuncin a raba shi da majami'a. Aka yi masa bulala ɗari, aka rushe gidansa, aka kwashe littattafansa, ya yi wata shida a ɗaure. Sai halifa ya kwanta ciwo, likitocin nan suka kasa, suna ta matsa masa ya kashe ɗaurarren. Labarin ya ce halifa ya yi mafarki da Annabi Isa yana umurtarsa ya yafe wa Hunainu ya karɓi maganinsa. Da gari ya waye aka fito da shi, ya yi magani, halifa ya warke. Aka ba shi gidaje uku, aka sa kowane daga masu neman ransa ya biya dirhami dubu goma. Hassada ga mai rabo taki ce. Shi kuwa bai rama ba: ya riƙa kai buƙatunsu gaban halifa, yana fassara musu littattafai ba lada. Amma abin da ya rasa ya yi masa ciwo, don a cikin wasiƙar nan tasa ya ambaci cewa ya yi hasarar dukan littattafan da ya tara ɗaya ɗaya tun ƙuruciya, daga ƙasashen da ya yawata.

Fasali a kan addininsa da ƙarshensa

Mas'udi ya lissafa shi cikin waɗanda suka juya Attaura zuwa Larabci, daga fassarar Yunananci da malaman Yahudu saba'in da biyu suka yi wa Sarki Baɗalimusa a Iskandariyya. Wannan aiki nasa bai iso zamanin nan ba. Wani babba daga gidan Munajjim ya rubuta masa takarda yana kiransa zuwa Musulunci da hujjoji. Ya mayar da jawabi, ya zauna a kan addininsa, ba a kuwa tilasta shi ba, ba a raba shi da matsayinsa ba. Ya rubuta wata 'yar maƙala a kan yadda ake gane gaskiyar addini, inda ya lissafa abubuwan da ke sa mutum ya karɓi ƙarya: tilas, da gudun wahala, da neman girma, da zaƙin bakin mayaudari, da jahilci, da bin dangi. Da ita yake kare addininsa ne, malaman Musulmi kuwa ba su sallama masa a kan inda ya kai hujjar ba. Amma ma'aunin da ya kawo, kowa na iya auna niyyarsa da shi.

Ya rasu a watan Safar na shekara ta 260, daidai da 873, a zamanin Halifa Mu'utamid, bisa ga abin da Ibnu Nadim ya rubuta. Ya bar 'ya'ya biyu, Dawuda likita, da Ishaƙa wanda ya fassara littattafan Arisɗo da na Iƙlidisa mai ilmin awo. Ya bar kuma ɗan 'yar'uwarsa Hubaishu, almajirinsa. A nan akwai abin lura ga masu alƙalami. Hunainu ha ƙarami ne da nun da ya da nun. Hubaishu ha ƙarami ne da ba da ya da shin. In ɗigo ya tashi daga ƙasa ya koma sama, haƙoran shin suka shafe, sai wannan ya zama wancan. Masu juyi da yawa da suka ga Hubaishu sai suka zaci kuskure ne, suka gyara shi zuwa sunan da suka sani, aikin almajiri ya tafi ga malami. Mutumin da ya ƙare ransa yana farautar kuskuren masu juyi, ga shi kuskurensu ya ƙara masa abin da ba nasa ba. Waɗansu littattafan Jalinusa kuma asalinsu na Yunananci ya ɓace, ba a san su yau ba sai ta Larabcin gidan nan, kamar kashin ƙarshe na babban littafinsa a kan fiɗar jiki.

To, malamin da ya kore shi ya ce canji ne sana'arsa. Maganar ta faɗa daidai ta inda mai ita bai nufa ba, gama ya zauna shekara fiye da arba'in yana karɓar Yunananci yana ba da Larabci, bai tauye mudu ba, in kuwa akwai jabu a cikin abin da ya karɓa sai ya nuna. Mai fassara da mai juyin littafi da mai magani da mai awo a kasuwa duk jirgi guda ya ɗauko su, don kowanensu yana riƙe da abin da mai karɓa ba shi da ikon bincikawa, sai dai ya amince. In wanda ba ya cikin al'ummar Annabi ya tsare wannan har takobi na gabansa, to, wanda ya yi shahada ba shi da hanzari. Allah ya sa mu cikin masu cika awo, a kasuwa da kan takarda. Amin. Tamat.